Janyewar Matsakaitan Motoci Daga Masana'antun Duniya Da Abin Da Zai Biyo Baya A Kasuwar Mubi

MUBI, Jihar Adamawa. Kimanin shekaru goma ke nan manyan kamfanonin ƙera motoci na Amurka da Turai da Japan suna rufe sassan masana'antunsu da ke fitar da matsakaiciyar motar nan mai ƙofa huɗu da but a baya, wadda direbobi ke kira salun. A maimakonta suna zuba jarinsu ga manyan motoci samfurin jif, da kuma motoci masu tagwayen inji, watau waɗanda ke aiki da fetur da lantarki tare.

Ko da yake a can ƙetare aka yanke wannan shawara, ƙarshen lissafinta a kan mai saye zai faɗo a wurare irin su Lamorde, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, inda mafi yawan motocin da ke kan titi na hannu ne, waɗanda suka gama zamaninsu na farko a wata ƙasa. Abin da masana'anta ta daina ƙerawa bana, shi ne abin da dillalin mota zai rasa nan da shekaru takwas ko goma. Saboda haka ya kamata 'yan kasuwa da direbobi da kanikawa su san yadda al'amarin ya faro, da dalilansa, da kuma hanyar da zai bi ya iso gare su.

Yadda aka riƙa janye su

Kamfanin Fiat Chrysler ne ya fara buɗe wannan hanya a Amurka, yayin da ya tsayar da ƙera Chrysler 200 a ƙarshen shekarar 2016. A watan Afrilu na 2018 kamfanin Ford ya ba da sanarwar cewa zai bar sayar da kusan dukkan ƙananan motocinsa a Arewacin Amurka in ban da Mustang. Taurus ta tsaya a 2019, Fusion kuma a 2020. Kamfanin General Motors ya bi sahu, ya ajiye Impala a 2020, sa'an nan a watan Nuwamba na 2024 ya rufe babin Malibu, sunan da ya fara bayyana tun 1964.

Kamfanonin waje da ke ciniki a Amurka su ma sun rage. Mazda ya janye Mazda6 daga can a 2021, Volkswagen ya tsayar da Passat ɗin da yake ƙerawa a Jihar Tennessee a ƙarshen wannan shekara, Subaru kuma ya kawo ƙarshen Legacy a 2025. A Turai, Honda ya bar kai Accord tun 2015, Toyota ya tsayar da Avensis a 2018, Ford kuma ya rufe Mondeo a 2022. Hatta a Japan, Toyota ya daina sayar da Camry a cikin gida a ƙarshen 2023.

Waɗanda suka saura ma sun sake kama. Sabuwar Camry da ta shiga kasuwar Amurka a 2024 ba ta da samfurin fetur zalla. Dukkanta mai tagwayen inji ce. Haka aka yi wa Sienna tun samfurin 2021, motar da ta zama ginshiƙin tashoshin mota da yawa a Nijeriya. Alƙaluman ciniki sun nuna girman sauyin. A wajen 2012 ƙananan motoci su ne kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka, amma daga 2020 zuwa sama rabonsu ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2017 ne RAV4 ta fara shige Camry wajen ciniki a can. Hukumar Makamashi ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya a 2023 samfurin jif ne.

Dalilan kamfanoni

Dalili na farko shi ne riba a kan kowace mota. Yawancin jif na zamani ba a kan ƙashin babbar mota ake gina su ba kamar na da. A kan ƙashin ƙaramar mota ake ɗora su, a ɗaga jiki, a faɗaɗa ciki. Camry da RAV4 da Highlander na shekarun nan duk tushen ƙira ɗaya suke tarayya a kai, injinansu ma da yawa iri ɗaya ne. Ke nan abin da kamfani ke ƙarawa wajen ƙera jif kaɗan ne, amma abin da mai saye ke yarda ya ƙara wajen sayenta yana da yawa. Wannan rata ita ce ribar. Tun da masana'anta tana da iyakar abin da za ta iya fitarwa a shekara, mai ita zai cika ta da hajar da ta fi kawo kuɗi.

Dalili na biyu shi ne abin da masana tattalin arziki ke kira sauƙin yawa. Kafin sabon samfuri ya fito, kamfani yakan kashe maƙudan kuɗi kan zane da gwaji da injinan buga ƙarfe, kuma waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa ko da mota ɗaya aka sayar. Idan an sayar da motoci 400,000, kowace ɗaya ɗan kaɗan za ta ɗauka daga wannan nauyi. Idan ciniki ya faɗo zuwa 100,000, nauyin da ke kan kowace mota ya ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa idan kasuwa ta tsuke, masu ƙaramin rabo ke fara ficewa, a bar wa masu babban rabo irin su Toyota da Honda filin.

Dalili na uku dokoki ne. Tun 1975 Amurka ta kafa ƙa'idar yawan man da motocin kowane kamfani za su sha, amma ta yi wa ajin ƙananan motocin ɗaukar kaya sassauci, kuma yawancin jif a wannan aji aka sanya su. Har ila yau akwai kuɗin fito na kashi 25 cikin 100 da ta ɗora wa motocin a-kori-kura na waje tun 1964, wanda ya kare kamfanonin gida daga gasa a wannan fanni. Shekara da shekaru doka tana nuna wa kamfani cewa babbar mota ta fi lada.

Dalili na huɗu shi ne neman jari. Ƙasashen Turai da Sin da wasu jihohin Amurka sun matsa lamba a kan rage hayaƙi, kuma komawa ga lantarki yana cin biliyoyin Dala. Kamfanoni sun yanke samfuran da ribarsu ta yi ƙasa domin su sami abin zubawa a can. Fasahar tagwayen inji, wadda Toyota ya fara fitarwa kasuwa da Prius a 1997, ta zama tsani tsakanin tsohon zamani da sabo, domin tana rage shan mai ba tare da an nemi wurin caji ba.

Darasin Fijo ta Kaduna

Nijeriya ta taɓa ganin irin wannan sauyi da idonta. A watan Maris na 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, kuma a farkon shekarun 1980 tana fitar da motoci sama da 50,000 a shekara. Fijo 504 ta zama motar gwamnati da ta ma'aikaci, doguwarta ta zama motar haya a kan kowace babbar hanya, a-kori-kurarta kuma ta ɗauki hatsi da dabbobi daga ƙauye zuwa kasuwa. Tsofaffin direbobin hanyar Mubi zuwa Yola da ta Mubi zuwa Maiduguri da ita suka yi zamaninsu.

A Faransa an bar ƙera salun ɗin 504 tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har 2006, watau ƙarin shekaru 23. Abin da ya raya ta shi ne akwai masana'anta a gida, akwai kayan gyara a kowace kasuwa, kuma babu garejin da ba a san cikinta ba. Abin da ya karya masana'antar kuwa ba ƙin motar ba ne. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, kayan haɗi da ake sayowa daga Faransa suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan ne motocin Beljiyam da na Kwatano suka mamaye kasuwa. An sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin a 2006, hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi a 2012.

Darasi biyu ke cikin wannan tarihi. Na ɗaya, mota ba ta mutuwa ranar da masana'anta ta daina ƙera ta. Takan rayu muddin kayan gyaranta na samuwa. Na biyu, tun da haɗa motoci a gida ya ja baya, Nijeriya ta rasa ikon zaɓen irin motar da ta dace da ita. Zamanin 504, bukatar mai saye a Kaduna ko Mubi tana iya sa a ci gaba da ƙera samfuri. A yau sai abin da iyalin Amurka ko na Jamus suka saya, suka hau, suka sake.

Hanyar da sauyin zai bi ya iso Mubi

Wani rahoto na Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motoci na hannu miliyan 14, kuma sama da kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Nijeriya na cikin manyan masu saye. Tun da ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu na 1972, motoci masu sitiyari a hagu ne doka ta yarda da su. Wannan ya rufe ƙofar Japan da Ingila, ya ɗaure kasuwar ga Amurka da Kanada da sauran Turai, wato daidai wuraren da salun ke ƙarewa.

Kasuwar mota ta hannu tana tafiya ne a bayan ta sababbi da tazarar shekaru. Camry da Accord da Corolla da ke cika wuraren dillalai a Kano da Kaduna da Yola a yanzu, yawancinsu an ƙera su ne lokacin da salun ke da rabin kasuwar Amurka. Waɗanda za su zo nan gaba daga shekarun da rabonta ya faɗo za su fito. Bugu da ƙari, Amurkawa sun ƙara riƙe motocinsu, har matsakaicin shekarun mota a kan titunansu ya wuce 12. Idan wadata ta ragu alhali bukata tana nan, farashi yakan hau, kuma ba masu saye na Nijeriya kaɗai ke neman waɗannan motoci ba. Akwai na Gana da Benin da ƙasashen Larabawa a wuraren gwanjo guda.

A kan wannan kuma akwai nauyin cikin gida. Manufar motoci ta 2013 ta kai kuɗin fito da haraji a kan motar da aka shigo da ita a haɗe zuwa kashi 70 cikin 100, kafin Dokar Kuɗi ta 2020 ta sassauta. Daga 1 ga Janairu, 2017, an hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin jiragen ruwa. Ga gari irin Mubi, wanda ke maƙwabtaka da Kamaru ta Sahuda amma yake da nisan gaske daga Legas, wannan yana nufin kuɗin ɗauko mota daga bakin teku zuwa gindin duwatsun Mandara yana shiga cikin farashinta. Sa'an nan a watan Yuni na 2023 aka haɗe kasuwannin musayar kuɗi, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a hukumance, ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024.

Ba za a ce jif ba ta da amfani a wannan yanki ba. Hanyoyin da ke haɗa Mubi da ƙauyukan kan dutse da kasuwannin kan iyaka suna bukatar mota mai tsayin ciki, musamman da damina. Mai fataucin shanu ko hatsi da ke shiga lungu zai ga ribarta. Matsalar tana ga mai ƙaramin ƙarfi: malamin makaranta, ma'aikacin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko na Jami'ar Jihar Adamawa, da direban haya wanda cinikinsa ya dogara ga kowace lita.

Lissafin mai

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, shan mai ya zama abu na farko da mai sayen mota ke tambaya. Lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa.

Ga misali domin a ga yadda lissafin yake. Tsakanin Mubi da Yola, ta Hong da Gombi da Song, akwai kimanin kilomita 200, zuwa da dawowa 400 ke nan. A ɗauka salun tana shan lita 8 a kowane kilomita 100, jif mai silinda shida tana shan 12, mai tagwayen inji kuma tana shan 6. A sawu ɗaya ta farko za ta sha lita 32, ta biyu 48, ta uku 24. Idan direba yana yin sawu 20 a wata, lita 640 ce da 960 da 480. A sa kuɗin lita Naira 1,000 don sauƙin lissafi. Mai jif zai kashe Naira 320,000 a wata fiye da mai salun, mai tagwayen inji kuwa zai rage Naira 160,000.

Wannan ƙarin da ke kan mai jif ba a aljihunsa zai tsaya ba. Zai koma kan kuɗin fasinja da na kaya, daga nan ya shiga farashin buhun masara da na wake. Haka kuma tayoyin jif sun fi girma da tsada, kayan ƙafarta ma haka. A ɗaya gefen, ragin da mai tagwayen inji ke samu ya fi yawa a cikin gari, inda ake yawan tsayawa da tashi, fiye da a doguwar hanya.

Batir, zafi da ƙura

Mota mai tagwayen inji tana da injin fetur, da injin lantarki, da babban batir. Idan tana tafiya a hankali lantarki ke jan ta, idan aka taka birki ƙarfin tsayawar yana komawa cikin batir. Ba a jona irin wannan da wutar gida, saboda haka ƙarancin wutar lantarki bai shafe ta ba. Wannan ya bambanta ta da motar lantarki zalla, kuma shi ya sa ta fi dacewa da garuruwan da wuta ba ta tsayawa.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne batirin. Daga samfurin 2020, Toyota yana ba da garantin shekaru 10 ko mil 150,000, kimanin kilomita 240,000, a kan wannan batir a Amurka. Motocin hannu kuwa yawanci a wajen waɗannan shekaru suke isowa Nijeriya. Ke nan mai saye a nan yana karɓar motar ne daidai lokacin da alhakin kamfani ya ƙare. Zafi yana rage kwanan batir, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan kai digiri 40. Fankar da ke sanyaya shi daga cikin mota take jan iska, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatarta idan ba a share ba. Wanda ya sayi irin wannan mota ba tare da an auna lafiyar batirinta da na'ura ba, yana iya mayar da duk ragin man da ya samu wajen sayen wani.

Akwai kuma batun masu gyara. Wutar da ke cikin wannan batir ta wuce bolt 200, tana iya kashe mutum, shi ya sa ake rufe wayoyinta da launin ruwan lemo don gargaɗi. Bakaniken da ya ƙware a kan kafireto da filogi, wanda ke gane ciwon inji da kunne, dole ya koyi aiki da na'urar bincike mai kwamfuta. Mai sayar da kayan gyara shi ma jarinsa na cikin haɗari idan ya cika shago da kayan samfuran da ke ƙarewa, ko da yake tarihin 504 ya nuna cewa cinikinsu zai daɗe kafin ya mutu.

Abin da ya rage a yi

Gwamnatin Tarayya ba ta da iko a kan abin da Ford ko Toyota za su ƙera, amma tana da iko a kan kuɗin fito. Idan tsarin haraji ya bambanta mota mai ƙarancin shan mai da mai yawan sha, dillalai za su karkata ga ta farko, ƙasa kuma ta rage kuɗin da take kashewa a kan mai. Haka nan Hukumar Kwastan da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki suna iya neman shaidar lafiyar batir kafin a saki mota daga tasha, domin kada ƙasar ta zama juji.

Haɗa motoci a gida shi ne kaɗai zai dawo da ikon zaɓe. Kamfanin Innoson ya buɗe masana'antarsa a Nnewi a 2010, kamfanin haɗin gwiwa na Dangote da Peugeot kuma ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Amma ƙa'idar sauƙin yawa tana aiki a nan kamar yadda take aiki a Amurka: in babu masu saye da yawa farashi ba zai sauko ba, masu saye kuwa ba za su yawaita ba sai an sami bashin sayen mota mai sauƙin ruwa daga bankuna. Shirin mayar da motoci ga iskar gas da aka ƙaddamar a 2023 yana iya tsawaita ran tsofaffin salun, amma amfaninsa ga direban Mubi ya dogara ga samun gidajen sayar da iskar a kan hanyarsa.

A matakin gari, abin da ya fi gaggawa shi ne horo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da ƙungiyoyin kanikawa suna da damar shirya gajerun kwasa-kwasai kan wutar mota da aunin batir, tare da taimakon Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa. Ƙungiyoyin direbobi kuma suna iya tara bayanin shan mai da kuɗin gyara na kowane samfuri daga mambobinsu, domin wanda zai sayi mota ya san abin da zai tarar. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Tazarar shekarun da ke tsakanin masana'anta da kasuwar hannu ita ce lokacin da Mubi ke da shi na yin shiri, kuma motocin 2018, shekarar da Ford ya yi sanarwarsa, sun riga sun fara sauka a tashar Legas.